Abin da Baba Sunusi Ya Tsamo a Miyar Innata

Shekara uku cur ban gaishe da Baba Sunusi ba, kuma ban ɓoye ba. In na hango shi a gefen hanya yana tafe da sandarsa, sai in murɗa wa babur wuta in wuce shi fuu, ko da babu fasinja a bayana. Mutumin da ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni ke nan fa. Sunana Mujitaba, ɗan Malam Bature, achaɓa nake yi tsakanin Kwanar Dangora da Tiga, kuma ina da zuciya, kowa ya sani. Amma a wannan magana zuciyar tawa ta kai ni ta baro, shi ya sa nake son in faɗi yadda abin ya kasance tun daga tushe.

Baba Sunusi masunci ne. A tsohon garinmu aka haife shi, wanda yanzu yake kwance ƙarƙashin ruwan dam. Suna samari aka tashe su, shi da mahaifina a bayan mota ɗaya, aka sauke su a inda muke zaune yau. Mahaifina ya kama noman rani, shi kuwa ya shiga ruwa da birgi. Wanda bai taɓa ganin ana jefa birgi ba, raga ce zagayayya, bakinta duk dalma. Sai ka riƙe sashe a dama, sashe a hagu, ka ciji igiyar dalmar da haƙora, ka juya jiki ka watsa, ka saki bakin a daidai lokacin. Shekara arba'in yana cizon igiyar nan. Haƙoran gaba suka fara girgiɗi, ciwon dasashi ya zo ya ƙarasa sauran, har bakin ya zama wayam.

'Yarsa Hamdiyya, ita kaɗai ta rayu a cikin 'ya'yansa, nas ce a Kano. Ita ta kai shi aka yi masa haƙoran roba, sama da ƙasa. Na saman sun zauna lafiya. Na ƙasan ne suka ƙi, sai yawo suke a baki in yana magana ko yana tauna. Dole ya ajiye birgi, don abin da ba ya riƙe lomar tuwo ba zai riƙe dalma ba. Mahaifina kuwa ya samu abin yi. Ranar da Baba Sunusi ya dawo da fararen haƙoransa, sai da ya miƙe tsaye ya ce a ba ango hanya. Haka mahaifina yake, Allah ya jiƙansa. In ya samu abin tsokana a kanka, sai ka shekara kana shan ta, kuma dariyarsa har bakin masallaci ake jin ta.

Tun a tsohon gari dattawanmu suke ciyayya, kuma da aka tashe su sun taho da abarsu. Bayan sallar magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, a jera kwanuka, a ci ɗaya bayan ɗaya har a gama. Da su tara ne. Mutuwa ta yi ta ɗauka har suka rage uku: mahaifina, Baba Sunusi, da wani dattijo mai sanyin hali, Baba Ɗanasabe. Su ukun nan ne kaɗai suka rage da za su iya nuna maka tsakiyar ruwa su ce nan kasuwa take, can rijiya.

Da matar Baba Sunusi ta rasu, ba shi da mai yi masa tuwo. Sai innata, Saude, ta ƙara hannu a tukunya ba tare da kowa ya ce mata ba. Shekara biyar kwanon gidanmu na mutum biyu ne. Shi kuma yakan zo da ɗan gasasshen kifi, don kada ya zauna hannu rabbana.

To, ga abin da ya faru a daren da komai ya lalace. Zan faɗi gaskiyarsa tukuna, wadda mu ba mu sani ba sai daga baya. Inna ta yi tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, ta sa ganda. Duhun magariba ya fara sauka, fitila ɗaya ce a can bakin zaure. Baba Sunusi ya sunkuya a kan kwano, ya kama ganda da haƙora ya ja. Gandar ta ƙi, haƙoran ƙasa suka bi ta, suka sulɓe suka faɗa cikin miya tsulum. Cikin kwanon da abokansa ke ci! Ya cusa hannu ya tsamo su, ya dunƙule a tafinsa, ya toshe baki da ɗaya hannun, ya tashi ko takalmi bai tsaya sawa ba. A ransa kowa ya gani.

Ba wanda ya gani. Ni kaina ina zaune a kan babur a gefe. Abin da muka gani shi ne, mutum yana cin tuwon gidanmu, ya tsamo wani abu a miya, ya ɓoye a hannu, ya kama baki ya gudu.

Washegari da sassafe mahaifina ya ɗauki takalman ya kai masa. Ya yi sallama, Baba Sunusi ya ƙi fitowa, daga cikin ɗaki ya amsa.

"Sunusi, lafiya? Me ya faru jiya?"

"Ba komai. Cikina ne ya juya."

"Tuwon ne?"

Can sai Baba Sunusi ya ce, "Ka bar maganar nan, Bature, don Allah. Ka ga abin da ka gani."

Shi yana roƙon kada a tsokane shi ne. Mahaifina kuwa wani abu daban ya ji. Ya ajiye takalman a bakin ƙofa ya dawo gida bai ce wa kowa uffan ba. A wurinmu mutum ya tashi daga kan kwanonka bai dawo ba, ba ƙaramar magana ba ce. Kafin sati ya zagayo, mata a bakin famfo sun gama saƙa labarin. Wai laya ya tsinta a miyar Saude. Wasu suka ce ƙullin gashi ne. Dalilin da zai sa Inna ta yi wa mutumin da take ciyarwa sammu, wannan bai dami kowa ba. Inna ta ji, ta ɗauko Alƙur'ani ta dafa a gaban mahaifina tana kuka. Ya ce mata bai taɓa zarginta ba, kuma gaskiya ya faɗa. Amma daga ranar bai ƙara fitar da kwano ba. Baba Ɗanasabe ya yi kwana huɗu yana zuwa da nasa shi kaɗai, sannan shi ma ya daina. Aka naɗe tabarmar aka jingine a zaure.

Me ya hana su tambayar juna ɓaro-ɓaro? Na yi wa kaina wannan tambaya har na gaji. Mahaifina yana ganin in ya sake tambaya, kamar ya yarda akwai abin tambaya a kan matarsa. Baba Sunusi kuma yana ganin shirun mahaifina ƙyama ce, wato ya ɓata musu abinci an tsane shi. Kowa ya zauna da tasa kunyar, gidajensu kuma ba su fi taku ɗari tsakani ba.

Shekara ukun nan Baba Sunusi bai ci abinci a gaban ɗan Adam ba. A sahun ƙarshe yake sallah, liman na sallamewa ya fice. In an gaishe shi sai ya ɗaga hannu, don in ya buɗe baki haƙoran na iya motsi. Ya daina zuwa ɗaurin aure, ya daina zuwa suna, don ko'ina akwai ci. Furar matan Fulani yake saya ya dama, ko ya yi kunu, ya rufe ƙofa ya sha. Da hantsi yakan tafi bakin dam ya zauna a kan wani tsohon kwale-kwale da aka kife, yana kallon masu jefa birgi har rana ta yi zafi. In ya ji an yi dariya a majalisa yana wucewa, sai ya ƙara sauri, a zatonsa da shi ake. Mu kuma muna cewa ga shi nan, ya ɓata sunan baiwar Allah yana ta sunne kai. Ni na fi kowa faɗa, har da ƙari.

Hamdiyya ce ta gano. Ta zo da babbar sallah ta tarar uban ya rame, wuya duk ya fito. Ta soya masa nama ya ce ya ƙoshi. Tana share ɗaki ta ga haƙoran a kofi, cikinsu duk wani abu mai danƙo. Ashe ƙaro yake jiƙawa ya shafa, wai ko za su liƙe. Ta tsare shi sai da ya faɗa mata komai, amma ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa a garin ba. Ita kuma kwana biyu take yi ta koma, ba wanda ya taɓa yi mata zancen laya, don ba a gaya wa 'ya irin wannan a kan ubanta.

Ta kai shi wurin likitan haƙori a Kano. Aka ɗauki hoton muƙamuƙinsa, likita ya ce ƙashin ƙasa ya lafe, babu tudun da roba za ta kama, shi ya sa take yawo. Amma akwai dabara. Za a dasa ƙananan ƙusoshi huɗu na wani ƙarfe da jiki ba ya ƙi a cikin ƙashin, a bar su wata huɗu ƙashi ya kama su gam. Sannan a haɗa kawunansu da siririn sandan ƙarfe, a yi sababbin haƙora masu 'yan maƙalai a ƙarƙashi da za su kama sandan. Hamdiyya ta ce uban bai tambayi zafi ba, bai tambayi komai ba. Abu ɗaya ya tambaya: "Likita, zan iya cin ganda a gaban mutane?" Likita ya ce har rake zai sha, amma kada ya kuskura ya koma cizon igiyar birgi.

Aka dasa ƙusoshin ya dawo gida jira. A watannin nan likita ya ce ya rage sa haƙoran ƙasa don wurin ya warke, sai ya ƙara ɓuya, ya koma naɗa rawani yana rufe baki. A cikin watannin ne kuma mahaifina ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye.

Baba Sunusi ya zo dubiya. Wannan ba zan ɓoye ba, ya zo. Ina zaure ya yi sallama, rawani har hanci, da ƙullin kifi a hannu. Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa da ban ji ba, ban kuma nemi ji ba. Na ce, "Yana barci." Ya ajiye kifin ya juya. Mahaifina kuwa idonsa biyu. Kifin ma ban shiga da shi gida ba, maƙwabta na ba.

Ana saura kwana uku ya rasu, ina juya shi a kan katifa, mahaifina ya ce da ni da harshensa da ya yi nauyi, "Sunusi bai zo ba?" Na ce bai zo ba. Ya kalli rufin ɗaki ya ce, "Ko me ya gani a kwanon nan, ai da ya nuna mini."

Ranar Talata ya cika. Baba Sunusi yana Kano, an tafi sa masa sandan ƙarfen. Baba Ɗanasabe ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan nan, kana da lambar Hamdiyya, a kira a gaya wa Sunusi." Na ce wanda ya guje shi da rai ba sai ya zo ganin gawarsa ba. Haka na ce, a gaban mutane, ina jin kaina wani namiji.

Kwana tara bayan nan na koma bakin aiki. Ina kan layi a Kwanar Dangora wajen la'asar, motar Kano ta tsaya, sai ga Baba Sunusi ya sauko da leda a hannu da guntayen rake a hammata. Babu rawani. Layina ne kuma, ba yadda zan yi. Ya nufo ni kai tsaye yana murmushi, murmushin da na manta yana da shi.

"Mujitaba! Ɗan Bature! Kai ni gida, yau da magariba ina da aiki."

Na tayar da babur muka kama hanya. Shi kuwa baki ya buɗe, kamar maganar shekara uku ce ta taru. Ya ba ni labarin ƙusoshi, da allurar kashe zafi, da yadda likita ya koya masa wanke ƙarƙashin sandan da ɗan ƙaramin burushi safe da yamma. Mun yi nisa a hanyar Tiga sai ya dafa kafaɗata.

"Tsaya, tsaya in nuna maka."

Na tsaya a gindin wata ɗorawa. Ya sauka, ya sa manyan yatsunsa biyu a baki ya ɗaga, na ji ƙas. Ya fito da haƙoran ƙasa, ya wangale baki. Ga sandan ƙarfe nan siriri yana ƙyalli a kan dasashi, a zaune daram. Ya mayar da haƙoran ya danna, ƙas. Ya kama su da yatsa ya jijjiga, ko gezau. Ya ɗauko rake ya ɓare da haƙora ya tofar da ɓawon, yana kallona kamar yaron da aka ɗinka wa rigar sallah.

"Ka gani? Balangu ne a ledar nan, da ganda. Yau zan zauna kusa da ubanka in ci a gabansa. Ya yi dariyar da zai yi, na shirya mata."

Na ce, "Wace dariya, Baba?"

"Kai ma ai kana wurin. Ranar da haƙorana suka faɗa miyar Saude."

Na jingina da babur.

"Baba, haƙori ne ka tsamo?"

"To da me zan tsamo?"

Na gaya masa. Laya, ƙullin gashi, matan bakin famfo, Inna da Alƙur'ani, tabarmar da aka naɗe. Murmushin ya tafi a hankali. Raken ya faɗi daga hannunsa bai sani ba. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Saude? Saude da ta ciyar da ni shekara biyar? Hau mu tafi, kai ni wurin Bature yanzun nan."

Na ce, "Baba, yau kwanansa tara."

Bai yi kuka a wurin ba. Ya zauna a ƙasa a gefen titi, motocin Tudun Wada suna wucewa, ya daɗe. Na durƙusa na gaya masa sauran, wato ranar dubiya ba barci mahaifina yake ba, kuma ni na hana a kira shi. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sanda. Sai ya ce, "Tashi, ɗan nan. Ni na fara yin shiru."

Maƙabarta muka fara zuwa. Na nuna masa kabarin na koma nesa. Daga can muka zo gida. Inna tana takaba, sai ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta ta bayan labule ya yi mata gaisuwa, sannan ya faɗa mata komai da bakinsa, bai rage ba.

Can Inna ta ce, "Haƙori? Malam Sunusi, haƙori? A kan haƙori na dafa Alƙur'ani?"

Sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, matan da ke zaune da ita suka kama ta. Shi yana tsaye da ledarsa. Da ta lafa ya ce, "Saude, ki yafe mini. In kuma akwai sauran tuwo, a sa mini a kwanon nan, a kai ƙofar gida."

Ni na ɗauko tabarmar daga zaure, gara ta ci gefe ɗaya. Na shimfiɗa a gindin darbejiya. Ya zauna ya ci tuwon Inna a fili, masu dawowa daga masallaci suna gani, ya suɗe kwanon tas. Duk wanda ya tsaya, sai ya kira shi ya ba shi labarin haƙoran, har ya cire ya nuna masa sandan. Mutumin da ya yi shekara uku yana ɓoye baki, a sati ɗaya babu wanda bai leƙa bakinsa ba a garin nan. Zancen laya ya mutu.

Ciyayya dai ba ta dawo ba. Baba Ɗanasabe ɗansa ya zo ya tafi da shi Doguwa bayan sadakar arba'in, mu kuma 'yan baya kowa a ɗakinsa yake ci, yana kallon waya. Amma Baba Sunusi kullum bayan magariba yana nan a gindin darbejiya. Inna tana sa masa tuwo, ni nake fito da shi, kuma duk ranar da ta samu ganda sai ta sa. Yakan zauna a gefen hagu na tabarmar, inda ya saba, ya bar dama. In ban fita aiki ba nakan zauna a ƙasa kusa da shi, don ban iya zama a wurin mahaifina ba.

Rannan yana cikin ci sai ya tsaya da loma a hannu, yana kallon miyar.

"Mujitaba, ka san abin da ya fi ci mini rai?"

Na ce a'a, Baba.

"Da ubanka ya ga haƙoran nan suna iyo a cikin kuɓewa, wallahi sai ya yi dariya har ya shaƙe. Da ya shekara goma yana ba da labarin. Dariyar nan na hana shi."

Ya share ido da bakin riga. Sannan ya laluba cikin miya ya kamo ganda, ya ciza ya ja, ta tsinke, ya ci gaba da taunawa shi kaɗai.